Daga Kwarin Mushairib Zuwa Muntaza: Tarihin Cibiyar Birnin Doha

Tun zamanin Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira cikin shekarar 1406, malaman tarihi na Musulunci suka tabbatar da cewa gari ba ya kafuwa sai inda akwai ruwan sha da makiyaya da iska mai lafiya, kuma ba ya ɗorewa sai gwargwadon ɗorewar sana'ar da ta tara mutanensa da daular da ta riƙe su. Duk wanda ya so ya gwada wannan magana da wani gari na zamaninmu, da wuya ya sami misalin da ya fi Doha, babban birnin ƙasar Katar, domin kuwa a cikin abin da bai wuce shekara ɗari ba tsakiyar wannan gari ta ga arzikin lu'ulu'u, ta ga yunwa, ta ga arzikin man fetur ya kwashe ma'abotanta na asali ya kai su bayan gari, sa'an nan ta ga arzikin iskar gas ya rushe ta ya sāke gina ta tun daga harsashi. Maƙasudinmu shi ne mu bi wannan labari daki-daki, tun daga bakin kwarin Mushairib inda kasuwa ta fara ci, har zuwa unguwar Muntaza da ke kudu da shi, wadda masu yawon buɗe ido ba su cika leƙa ta ba, alhali kuwa a wurinta ne mutum zai iya auna abin da aikin raya birni ya haifar.

Ƙasar Katar ba ta da kogi ko ɗaya da ke gudana rani da damina, kuma ruwan saman da Doha ke samu a shekara, kimanin milimita 75, bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da ke sauka a Kano ba. Abin da Allah Ya hore wa mutanen wurin shi ne wani kwari da ake kira Mushairib, wanda yake bushe mafi yawan shekara, amma idan an yi ruwa a lokacin hunturu sai ya kwaso shi daga tudu ya zuba a teku, ya bar danshi a ƙarƙashin ƙasa, inda aka haƙa rijiyoyi. A bakin wannan kwari, daura da inda jiragen katako ke tsayawa, Larabawan daji suke kawo tumaki da man shanu da ulu da itacen wuta, su musanya da dabino da shinkafa da gahawa da yadi waɗanda fatake suka shigo da su daga Basra da Farisa da Indiya. Wannan mahaɗa ta mutanen tudu da mutanen ruwa ita ce asalin kasuwar Suk Wakif, kuma a kewayenta ne unguwanni suka yi ta tsirowa, kowace ƙabila da tata unguwa da masallacinta da dandalinta.

Ta fuskar sarauta kuwa, garin Bidda ya girmi Doha, sai dai sannu a hankali suka haɗe suka zama gari guda. Bayan harin da Baharain da Abu Dabi suka kai musu a 1867, wakilin Ingila a Tekun Fasha, Kanar Lewis Pelly, ya ƙulla yarjejeniya da Shaihu Muhammad bin Sani a 1868, wadda masana ke ɗauka ita ce farkon amincewa da gidan Al Sani a matsayin shugabannin ƙasar. Turkawan Istambul suka shigo a 1871, suka ajiye soja a Doha. Shaihu Jasim bin Muhammad ya karya su a yaƙin Wajba cikin 1893, amma ba su kwashe ya-nasu-ya-nasu ba sai 1915, bayan rasuwarsa da shekara biyu. A 1916 ɗansa Shaihu Abdullahi ya sa hannu a kan yarjejeniyar da ta shigar da Katar ƙarƙashin kariyar Ingila.

Duk wannan zamani abin da ke ciyar da gari shi ne lu'ulu'u. Littafin da jami'in Ingila J. G. Lorimer ya wallafa a 1908 ya ƙiyasta mutanen Doha kimanin 12,000, da jiragen neman lu'ulu'u 350. Idan bazara ta tsananta, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sai mazaje su bar gari ga mata da yara da tsofaffi, su shiga teku wata huɗu. Mai nutso yakan maƙale hancinsa da ɗan matsi na ƙashi ko na ƙoƙon kunkuru, ya taka dutsen da aka ɗaure da igiya domin ya yi saurin kai shi ƙasa, ya tsinci kawa ya zuba a kwandon da ke rataye a wuyansa, har numfashi ya kusa ƙare masa ya girgiza igiya, abokin aikinsa da ke bisa jirgi ya jawo shi. Ribar wannan wahala mafi yawanta ta mai jirgi ce da attajirin da ke kai haja Bombai. Shi kuwa mai nutso yakan fita da bashin da ya ci kafin tafiya, ya komo da wanda ya fi shi, har wani lokaci ɗa ya gāji bashin ubansa. Da yawa daga cikin masu nutson nan bayi ne da aka kawo daga gabashin Afirka, ko 'ya'yan bayi, kuma wannan al'amari ne da za mu sāke tarar da shi a gaba.

Gidajen wancan lokaci an gina su ne bisa hikimar da zafi ya koya wa mutane. Bango mai kauri na dutse da laka, a shafe shi da farar ƙasa. Rufi na sandunan itacen da ake kira dancal, waɗanda jirage ke kawowa daga gaɓar gabashin Afirka, a shimfiɗa gora da tabarma a kansu kafin a zuba ƙasa. Da yake sandar ba ta da tsawo ƙwarai, ɗaki ba ya yin fāɗi, sai dai ya yi tsawo, kamar yadda azara ke iyakance fāɗin soro a ƙasar Hausa. Ɗakuna suna fuskantar tsakar gida, majalisar baƙi tana bakin ƙofa domin kare hurumin iyali, lunguna kuwa matsattsu ne, yadda inuwar wannan gida za ta fāɗa kan bangon wancan, iska ta riƙa zirarawa a tsakani.

Sa'an nan jarrabawa ta sauko a jere. A 1925 wata guguwa ta kifar da jirage masu yawa a tsakiyar teku, aka yi hasarar rayuka. Japanawa, a bisa jagorancin Mikimoto, suka gano dabarar noman lu'ulu'u, suka cika kasuwannin duniya da shi a farashi mai rahusa. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta hana attajiran Turai da Amurka sayen kayan ƙawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da jiragen abinci. Iyalai suka yi ƙaura zuwa Baharain da gabashin Saudiyya da Farisa, har masana ke ƙiyasta cewa mutanen ƙasar baki ɗaya, waɗanda Lorimer ya lissafa kimanin 27,000, sun ragu zuwa wajen 16,000 a ƙarshen shekarun 1940. An ba kamfanin Ingila izinin neman mai a 1935, aka same shi a Duhan a 1939, amma yaƙi ya jinkirta al'amarin, jirgin farko bai tashi da ɗanyen mai daga Ummu Sa'id ba sai a watan Disamba na 1949. Bayan shekara uku, a 1952, aka haramta bauta a ƙasar.

Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin da unguwar Mushairib ta yi tashe. Siminti ya maye gurbin laka, injin tace ruwan teku ya fara rage wa masu tallar ruwa ciniki, kuma titin da ya fara samun hasken lantarki, wato titin Kahraba, ya zama wurin da mutanen gari ke fitowa da dare, ga kantunan yadi da teloli da gidajen abinci na Indiyawa da Farisawa da mutanen Sham. A wannan lokaci ɗan ƙasa da baƙo bango ɗaya ne ya raba su, masallaci ɗaya suke salla, kuma attajiri yana kwana a unguwar da kantinsa yake.

Abin mamaki, wadatar da ta raya unguwar ita ce kuma ta yashe ta. Katar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Satumba 1971, Shaihu Halifa bin Hamad ya hau mulki a 1972, kuma a wannan shekara aka ɗauko kamfanin Llewelyn-Davies na Ingila ya tsara fasalin birni. Da kuɗin mai suka ninku bayan 1973, sai hukuma ta shiga sayen tsofaffin gidaje daga hannun 'yan ƙasa da diyya mai tsoka, tana ba su filaye a Rayyan da Madinatu Halifa da Garrafa, inda kowa ya gina katafaren gida mai katanga da wurin ajiye mota. Aka zagaye gari da manyan tituna, zobe bayan zobe. Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, William Pereira, ya tsara cike bakin teku ta arewa da yashi, inda aka sami titin Kurnish mai tsawon kilomita 7 da filin Dafna, aka buɗe otal ɗin Sheraton a ƙarshen titin a 1982, daga baya kuma dogayen benaye suka cika wurin, ma'aikatu da bankuna suka koma can.

A cikin wannan faɗaɗa ne Muntaza ta zama unguwa. Asalinta fadama ce a bayan gari, irin wadda ruwan sama ke kwanciya a cikinta ciyawa ta fito, kuma sunan da hukuma ta tabbatar mata a yau shi ne Raudatul Hail, ko da yake direbobin tasi da mazauna ba su daina cewa Muntaza ba. Tana tsakanin zobe na biyu da na uku na titunan birni, Mansura na gabas da ita, hanyar Salwa mai zuwa iyakar Saudiyya na yamma, inda tsohon otal ɗin Ramada yake, wanda har yanzu ake kiran mahaɗar titunan wurin da sunansa duk da ya koma Radisson Blu. An yi mata lambun shaƙatawa, ɗaya daga cikin tsofaffin lambunan Doha, aka gina gidaje masu tsakar gida da benaye matsakaita, malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa daga Masar da Sudan da Falasɗinu da Indiya suka zauna a cikinsu tare da sauran 'yan ƙasa.

Ita kuwa tsohuwar cibiya, Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu gidajen da ba a rushe ba suka sa su haya, aka yayyanka ɗakuna da katako, gidan da aka gina domin iyali guda ya koma makwancin gwauraye masu yawa daga Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal. Ba wanda ke gyara abin da ba nasa ba, shi kuma mai shi yana jiran ranar da hukuma za ta saya. Saboda haka bango ya tsage, wayoyin lantarki suka yi ta rarrafe a kan soraye, kasuwar Suk Wakif ta cika da rumfunan kwano da ƙofofin alminiyam. Amma wajibi ne a faɗi gaskiya: unguwar ba ta mutu ba. A lokacin tana cike da teloli da masu aski da masu gyaran agogo da masu sayar da kayan lantarki, kuma talakan da ke aiki a gari yana iya kwana a tsakiyarsa ya tafi wurin aiki da ƙafa.

Juyin al'amari ya zo ne da iskar gas. Tun 1971 aka gano babban filin gas na arewa a cikin teku, amma sai bayan Shaihu Hamad bin Halifa ya karɓi mulki a 1995 aka fara fitar da shi a jirage zuwa Japan, dukiya ta ɓarke irin wadda ba a taɓa gani ba. A lokacin ne shugabanni suka farga cewa sun mallaki birni mai benaye na gilashi wanda ba shi da abin da zai nuna wa baƙo, ko ɗan da aka haifa jiya, cewa nan an taɓa rayuwa kafin fetur. Gobarar da ta ci wani sashe na Suk Wakif a 2003 ta zama sanadi. Aka danƙa aikin ga wani mai zane ɗan ƙasa, Muhammad Ali Abdullahi, wanda ya bi tsofaffin hotuna da bakin dattawa, ya cire kwano da siminti, ya mayar da laka da dancal da gora, aka kammala wajen 2008, shekarar da aka buɗe Gidan Kayan Tarihin Musulunci da I. M. Pei ya zana a bakin teku. Kasuwar ta farfaɗo ƙwarai: ana sayar da turaren wuta da kayan yaji da shaho da alkyabba, kuma 'yan ƙasa suka komo suna cin abincin dare a wurin da iyayensu suka guje wa.

Aikin Mushairib ya fi wannan girma nesa, kuma hanyarsa dabam ce, domin a nan rushewa aka yi aka sāke gini. Kamfanin da ke ƙarƙashin Gidauniyar Katar, wadda Shaiha Moza bint Nasir ke shugabanta, ya karɓi fili mai hekta 31, aka aza harsashi a farkon 2010, aka kashe kimanin riyal biliyan 20, aka tayar da gine-gine fiye da 100, na zama da na ofis da na kasuwanci, haɗe da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da masallatai da filin idi. Masu tsarawa, waɗanda suka haɗa da kamfanonin AECOM da Arup da Allies and Morrison, sun koma ga hikimar magabata da gangan: suka karkata tituna yadda za su kama iskar arewa mai sanyi, suka matse lunguna domin inuwa, suka sa tagogi su nutse cikin bango mai kauri, suka tura motoci da manyan motocin kaya ƙarƙashin ƙasa. A tsakiya akwai dandalin Baraha mai rumfar da ake buɗewa da rufewa gwargwadon rana. Ƙaramin jirgin ƙasa na lantarki yana kewaya unguwar kyauta. Kuma tun 2019 tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mushairib ce mahaɗar layuka uku na birnin, ja da kore da ruwan zinariya.

Daga cikin tsofaffin gidaje, huɗu aka tsirar aka mayar da su gidajen tarihi a 2015. A gidan Radwani, wanda aka gina a shekarun 1920, mai ziyara zai ga tsakar gida da rijiya da madafa, da shimfiɗun da iyali ke zama a kai, har da ramin da masu tonon tarihi suka bari a buɗe domin a ga abin da ke ƙarƙashin daɓe. Gidan Kamfani yana ba da labarin 'yan ƙasar da suka fara aikin mai a Duhan cikin rana da ƙishirwa, gidan Muhammad bin Jasim kuma labarin unguwar kanta. Wanda ya fi jan hankali shi ne gidan Bin Jalmud, wanda dā na wani mai cinikin bayi ne, a tsakar gidansa ake tsare su kafin a sayar. Yau an keɓe shi ga tarihin bauta a tekun Indiya da Katar, har ya taɓo zaluncin da ake yi wa ma'aikata a wannan zamani. Ƙasar da ta yarda ta buɗe irin wannan shafi na tarihinta a tsakiyar babban birninta ta cancanci yabo, domin ba kowace al'umma ke da wannan ƙarfin hali ba.

Sai dai akwai mas'alar da mai adalci ba zai tsallake ba, wato makomar mutanen da aka tarar a wurin. Masu mallakar gidaje sun karɓi diyya. 'Yan haya kuwa, waɗanda su ne suka riƙe unguwar shekara talatin, sanarwar tashi kawai suka samu. Wasu suka gangara unguwannin maƙwabta, wasu aka kai su Sana'iyya, can bayan gari inda masana'antu suke, musamman bayan dokar 2010 da ta hana ajiye gungun leburori a unguwannin iyali. Kuɗin hayar sabuwar Mushairib ya fi ƙarfin tela da wanzami, don haka sana'o'in da suka sa titin Kahraba ya yi suna ba su komo ba, ko da yake sunan titin yana nan a kan allo. Gaskiya ne hukuma ta sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure baƙon ma'aikaci ga ubangidansa, a 2020, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a 2021, gabanin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2022. Amma gyaran albashi dabam, haƙƙin zama a tsakiyar gari dabam.

Wanda yake son ganin irin rayuwar da Mushairib ta yi a dā, sai ya ƙetara titin zobe ya shiga Muntaza ko Mansura ko Najma bayan sallar magariba. Zai tarar da mota ta tsaya a bakin ɗan kanti ta yi oda, yaro ya fito da shayin karak a kofin takarda. Mai gashin burodi ɗan Afganistan yana manna ƙullu a bangon tanderu. Layi ya yi tsawo a wurin aika kuɗi gida domin an yi albashi. Mai guga yana rataye fararen riguna a bakin ƙofa. Sahun masallaci ya haɗa Basudane da mutumin Kerala da Bamisire da ɗan Afirka ta Yamma. Ita ma Muntaza gyara ya iso ta: an sāke buɗe tsohon lambunta a 2022 bayan ya daɗe a rufe, da hanyoyin tafiya da na keke da wuraren wasan yara, tashar jirgin ƙasa ta Mansura tana kusa, tsofaffin gidaje masu tsakar gida suna ta faɗuwa benaye na tashi a gurbinsu. Kowane gyara kuwa yana ƙara wa fili daraja, darajar fili tana ƙara kuɗin haya, kuɗin haya yana tura mai ƙaramin ƙarfi zuwa zobe na gaba.

Hukuncin da ya dace a yanke shi ne cewa Doha ta yi nasara wajen mayar wa cibiyarta kyau da inuwa da martaba, ta kuma nuna wa ƙasashe masu zafi cewa ginin magabata ilimi ne da za a iya aiki da shi a yau. Amma ta biya farashi biyu, na farko da ta bar gadon ya lalace, na biyu da ta tashi waɗanda suka zauna a cikinsa kafin ta gyara. Mu kuma a nan ƙasar Hausa akwai izina a gare mu. Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, a bakin rafin Jakara ta tashi, yau kuwa an rufe wani sashe na rafin da kankare an shimfiɗa titi a kai. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ana ta yankar ta ana gina shaguna. Masu hāli suna barin cikin birni zuwa sababbin unguwanni, a Kano da Katsina da Zariya baki ɗaya. Katar tana da kuɗin gas da za ta sāke gina abin da ta rushe, mu ba mu da su. Saboda haka muna kira ga sarakuna da gwamnatoci da attajiranmu da su gyara magudanan ruwa da lunguna da soraye tun masu su suna ciki, su taimaki magini da marini da dukawa su ci gaba da sana'arsu a inda kakanninsu suka yi ta, kuma kada a tsara wani aikin raya cikin gari face an fara da tambayar inda mazaunansa za su kwana bayan an gama. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci a cikin abin da aka ba su amana.